Littattafan da ke kulle a ofishin hedimasta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya saba shiga makarantun firamare na gwamnati a jihar Bauchi, daga cikin gari har Ningi, Misau ko Dass, ya taɓa cin karo da abin da zan faɗa. Ka shiga ofishin hedimasta, a bayan teburinsa ga kwalaye jibge, wasu ko igiyarsu ba a yanke ba. Littattafai ne. Na ƙasa gara ta fara ci, na sama ƙurar hunturu ta lulluɓe. Ka leƙa aji uku kuwa, ɗaki ya cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, ba mai littafi a hannu. Malam ya rubuta layi biyu a allo yana bi da sanda, yara na amsawa da ƙarfi har maƙwabta na ji. Mai wucewa zai ce karatu ya kankama. To, kira yarinya ɗaya, ka ɗora yatsa kan kalmar tsakiya, ka ce ta karanta ita kaɗai. Sau da yawa sai ta sunkuyar da kai. Layin ta haddace da kunne, baƙin ba ta gane shi ba.

Ba zato nake yi ba. A 2011 an gwada 'yan aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato, yaro ɗaya bayan ɗaya, aka tarar mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma guda ta Hausa, harshen da suka tashi da shi. Bayan haka ne hukumar raya ƙasashe ta Amurka, tare da gwamnatocin jihohin biyu, ta kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku. Dabarar ba wuya gare ta ba. A fara da sautin harafi, a haɗa gaɓa, ba, bi, bu, a haɗa kalma, sannan ɗan gajeren labari. Malam ya yi, a yi tare, yaro ya yi da kansa. Hausa ta sauƙaƙa mana ma, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Amma matakin ƙarshe, na yaro ya yi da kansa, ba ya yiwuwa sai littafi na gabansa.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, kuma ba a ƙara masa karatu sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. Ba wanda ke ɓuya cikin hayaniyar 'yan'uwansa. Me ya sa da muka shiga ajin boko muka bar wannan a bakin ƙofa?

Kada a yi saurin ɗora wa hedimasta laifi. Ranar da aka kawo kwalayen nan, hannu ya sa a takarda cewa ya karɓi kaza. In masu duba makarantu suka zo suka ƙirga suka ga giɓi, shi za a tuhuma. In kuwa suka tarar da yara ba su iya karatu ba, da wuya a tambayi kowa. Mutum kuma inda aka fi matsa masa nan yake karewa. Shi ya sa na ce ciwon daga tsari yake.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko. Kafin jiha ta karɓi rabonta daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, sai ta ajiye nata kason daidai da shi, ta kuma gabatar da tsarin abin da za ta yi da kuɗin. Abin da muka fi ji a bakin jami'ai shi ne azuzuwa nawa aka gina, benci nawa aka raba, katanga nawa aka zagaye. Duk ana buƙatarsu, wanda ya ga yara na karatu a gindin bishiya da damina ba zai musa ba. Sai dai ina son ranar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai tashi ya ce, bara 'yan aji uku kaza ne ke iya karanta sakin layi a makarantuna, bana kaza ne. Ranar da aka fara tambayarsa wannan, da kansa zai ba da umarnin a buɗe kwalaye.

A rubuta a tsarin, baƙi da fari, cewa littafin yara kayan ƙarewa ne kamar alli. Zai yage, zai yi datti, wani zai ɓata. A ware kuɗin maye gurbinsa kowace shekara, a sauke wa hedimasta wannan fargaba.

Batun laburare kuma, kada mu jira sai an gina babban ɗaki mai fanka da kwamfuta. Akwatin ƙarfe guda a kowane aji ya isa a fara, da littattafan labarai daidai ƙarfin yaran, da malami ɗaya da aka ɗora wa alhakin rajistar aro, da lokaci tabbatacce a jadawali wanda ba za a mayar na shara ko ɗiban ruwa ba. Kwalejojin ilimi na Azare da Kangere su koya wa ɗalibansu yadda ake tafiyar da wannan lokaci a aji mai cunkoso: a raba yara rukuni-rukuni, malam ya zagaya, kowace rana ya saurari wasu da kunnensa.

Abin na ƙara ci mini rai in na tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi kafin ya zama firayim minista, kuma da Hausa ya rubuta Shaihu Umar. Yau ɗaliban sakandare na wucewa ta gaban kabarinsa kullum, da yawansu ba su taɓa riƙe littafin ba.

Iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta, wannan kuna iya farawa ba sai an aiko daga ma'aikata ba. A zamanku na farkon zango, ku roƙi hedimasta a ƙirga littattafan a gabanku, ku sa hannu tare da shi cewa kun amince a raba wa yara, kuma abin da ya ɓata ku da shi za ku amsa. A kai wa sakataren ilimi kwafin takardar.