An Sallame Ka Daga Aiki a Saudiyya? Kafin Ka Sa Hannu a Mukhalasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda, Makka, Madina, Riyad da sauran garuruwan Saudiyya. Yau maganarmu a kan ranar da mudir, wato manaja, zai kira mutum ofis ya ce masa aiki ya ƙare.

A wannan rana akan turo maka wata takarda da Larabci, ita ce mukhalasa. Abin da ke cikinta shi ne ka karɓi duk haƙƙoƙinka, ba ka bin kamfani ko halala ɗaya. Da yawa suna sa hannu nan take saboda rai ya ɓaci, ko don kunyar a ce suna jayayya. Ɗan'uwa, kada ka sa. Ka ce a ba ka kwafi ka je gida ka duba. Idan Larabcinka na kasuwa ne, nemi wanda ya iya karatu ya karanta maka ita layi-layi. Kuɗi su fara shiga asusunka, sannan biro ya taɓa takarda.

To, me kake bi? Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 84, ta ce wanda aikinsa ya ƙare yana da kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekarar da ta biyo baya, kuma da albashinka na ƙarshe ake lissafi. A ce riyal 3,000 kake ɗauka, ka yi shekara 7. Biyar ɗin farko sun ba ka 7,500, biyun da suka rage 6,000, jimilla 13,500. Ban da wannan akwai albashin da ba a biya ba, da kuɗin hutun da ba ka ci ba, da tikitin komawa gida idan tafiya za ka yi. Idan su suka sallame ka, mako ɗaya doka ta ba su su biya.

Nan ne wasu kamfanonin ke yin wayo. Sai a ce maka, "Rubuta istiƙala kawai, ya fi sauƙi." Istiƙala ita ce takardar ajiye aiki, kuma sauƙin nasu ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa, idan bai kai shekara 2 ba babu abin da zai samu na sallama, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku ne, kuma sai ya cika 10 zai karɓi duka. Sannan idan an katse kwangila ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sashe na 77 ya ba ka diyya wadda ba za ta gaza albashin wata biyu ba, matuƙar kwangilar ba ta faɗi wani adadi ba.

In sun ƙi biya, akwai sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago, wato taswiya wuddiyya, ta intanet ake shigar da ƙorafi. Idan ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago. Amma kada ka wuce wata 12 da barin aikin, domin bayan nan kotu na iya ƙin sauraron ƙarar. Masu aikin gida da direbobin gida, ku tsarinku daban ne.

Sai maganar igama, wato katin izinin zama, wadda ita ce ke hana mutum barci. Buɗe manhajojin gwamnati na Qiwa da Absher a wayarka tun a ranar, ka ga abin da aka rubuta a kanka. Idan an yanke alaƙarka da kamfani a tsarin, kwana 60 ne gare ka: ko ka koma hannun wani mai aiki, ko ka yi fita ta ƙarshe. Wanda ya bari suka wuce sai a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, abin da muka fi sani da hurub. Tallafin rashin aiki na Saned da ka ji ana faɗa kuma na 'yan ƙasa ne, bai shafi baƙo ba.

Don haka neman aiki ba ya jiran zuciya ta huce. Karɓi shahadar khibra, wato takardar shaidar aikin da ka yi, kyauta ce, kuma dole ne su ba ka. Faɗa wa mutanenka gaskiya, a masallaci, a majalisa, a rukunin WhatsApp na 'yan garinku. Mu Hausawa muna da son rufin asiri, amma wanda bai san kana nema ba yaya zai kai sunanka? Haka gida: gara ka kira Hajiya ka ce mata kuɗin wannan watan zai ragu da ka ci bashi don kada a gane.

Ka yi hattara da masu cewa ka ba su kuɗi su sa ka a kan kafalarsu, wato igamarka ta koma ƙarƙashin sunansu, ka je ka yi aikin da ka ga dama. Aiki a wurin wanda ba shi ke kan igamarka ba laifi ne, ƙarshensa tarhil, wato kora daga ƙasar. Tayin gaskiya ta Qiwa zai zo maka, da sunan kamfani da albashi a rubuce, ka karanta da kyau sannan ka danna amincewa.