Yadda Ake Juya Rediyon Gajeren Zango Daga Kwamfuta Ta Wayar Siriyal

An yi wannan lacca ne ga masu gyaran rediyo da ɗaliban fasaha a wani gari na karkarar Jigawa, ta wajen Gumel. Daga faifan murya aka rubuto ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, iyayenmu da ke gaba, malaman makaranta, 'yan'uwa masu gyara, barkanmu da war haka. Na baya, in murya ba ta iso ba a ɗaga hannu.

Abu uku ne a kan teburin nan: rediyo, kwamfuta, da wayar da ta haɗa su. Abin da ake nema shi ne kwamfuta ta ce wa rediyo ya koma kilohaz 15400, ya koma, ba wanda ya taɓa shi. Duk mai sauraron gajeren zango ya san amfanin haka. BBC tana Hausa tun 1957, DW tun 1963, kuma tashoshin waje ba sa zama wuri guda. Da safe suna kan wata mita, da dare suna kan wata, sannan sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, a sake jadawalin gaba ɗaya. In kwamfuta ce ke riƙe da jadawalin, ita za ta sauya tasha a kan lokaci, ta naɗi shirin, mutum ya dawo daga gona ya saurari abinsa.

Amma ba kowane rediyo ba. Ƙaramin nan mai batir biyu da ake ratayawa a kafaɗa ba shi da kafar da waya za ta shiga, kada wani ya je ya farke na mahaifinsa yana nema. Manyan rediyoyin tebur muke magana, irin su Icom IC-R75, Kenwood R-5000 da Yaesu FRG-100, waɗanda yawanci na hannu ake samu. Akwai ma Ten-Tec RX-320, wanda babu abin murɗa tasha a jikinsa ko ɗaya, sai da kwamfuta yake aiki.

Siriyal saƙo ne da ke tafiya ɗai-ɗai a kan waya guda, kamar awaki na fita ta ƙofar garke. Soket ɗinsa mai haƙora tara ne, ana ce masa DB9, amma uku ne ke ɗauke da aikin. A ɓangaren kwamfuta, haƙori na 2 shi ke karɓa, na 3 shi ke aikawa, na 5 shi ne ƙasa, wato layin sifili da ake auna wuta daga gare shi. Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wannan soket, don haka sai an sayi wayar USB zuwa siriyal. A cikinta akwai ƙaramin IC, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ko FT232, ko CP2102, ko PL2303, ko CH340, kuma kowanne da direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. In an soka ta, a Windows a buɗe Device Manager a duba lambar da ta samu, misali COM4. A Linux za ta fito a matsayin /dev/ttyUSB0.

To, ga wurin da ake ƙona kaya, a natsu. Siriyal iri biyu ne, kuma a ido ba a bambance su. Na RS-232 yana aiki da wuta daga bolt 3 zuwa 15, sama da sifili da kuma ƙasa da shi. Na TTL kuwa daga sifili zuwa bolt 5 ne kawai. FRG-100 da ramin REMOTE na Icom duk TTL ne. Ka ɗauko wayar RS-232 ka liƙa kai tsaye, ka tura wa IC ɗin rediyo wutar da ba a gina shi ya ɗauka ba, kuma irin wannan IC ba a Sabon Gari za ka same shi a saukake ba. Wani zai ce a sa razista a rage wutar. Ba zai yi ba, domin bayan bambancin ƙarfi, a juye suke: abin da TTL ke nunawa da bolt 5, RS-232 da wutar ƙasa da sifili yake nuna shi. Sai an rage, an kuma juya. Wannan shi ne aikin MAX232, IC mai ƙafa 16. Ƙafa ta 16 bolt 5, ta 15 ƙasa. Abin da ya fito daga rediyo ya shiga ta 11 ya fita ta 14 zuwa kwamfuta, na kwamfuta ya shiga ta 13 ya fita ta 12 zuwa rediyo. Sai kafasita huɗu masu maikrofarad 1, da ta biyar a bakin wuta.

Kafin a kunna ayan ɗin liƙa waya, mitar awo ce za ta raba gardama. A sa baƙar waya a ƙasa, a taɓa ja a haƙoran. Haƙorin da ke aikawa, in yana zaune ba saƙo, zai nuna wuta ƙasa da sifili in RS-232 ne, ko kusan bolt 5 in TTL ne. Da wannan awon kuma ake gane irin wayar da ake bukata. In na 3 ne ke aikawa a kwamfuta, na 3 kuma ke aikawa a rediyo, to waya mai gicciye ake so, wadda 2 da 3 suka yi musanya a cikinta. In na rediyo 2 ne, miƙaƙƙiya za a sa.

Ga Icom akwai hanya mafi sauƙi, kuma ita na fi so ga mai koyo. Tsarinsu, CI-V, waya ɗaya ce ke kai saƙo ta dawo da amsa, ta fulogi irin na iyafis mai milimita 3.5. A sami ƙaramin allon USB zuwa TTL, a sa diyod 1N4148 tsakanin TX mai aikawa da RX mai karɓa, ɓangaren mai zobe na kallon TX. Daga RX a ja waya zuwa kan fulogin, a sa razista mai kilo-om 4.7 daga nan zuwa bolt 5, ƙasa kuma ta tafi jikin fulogi. Shi ke nan.

Kada a haɗa komai a tashi ɗaya. A fara gwada wayar ita kaɗai. A haɗa haƙori na 2 da na 3 da guntun waya, a buɗe manhajar PuTTY a kan COM ɗin, a danna haruffa. In sun bayyana a allo, waya da direba lafiya lau. In ba su bayyana ba, rediyo bai da laifi tunda ko soka shi ba a yi ba. Mutane da yawa nan suke tsallakewa, su kwana suna zargin rediyo alhali waya ce ta jabu.

Daga nan sai saurin tafiyar saƙo. Dole ɓangarorin biyu su zama daidai. R-5000 da FRG-100 suna kan 4800, bit 8, da bit biyu na tsayawa. RX-320 yana kan 1200. IC-R75 ana zaɓar nasa a cikin saitin rediyon, a sa 9600 can, a sa 9600 nan. In sauri ya saɓa, ko a ji shiru ko a ga tarkacen haruffa.

Kowane kamfani da yarensa. Na Kenwood rubutu ne da ido ke karantawa: FA00015400000; wato FA da lambobi 11 da alamar rufewa (;), shi ke sauya tasha, MD5; kuma ya sa rediyo a AM. Na Icom lambobi ne, ku rubuta wannan:

FE FE 5A E0 05 00 00 40 15 00 FD

FE biyu buɗe magana ne. 5A adireshin IC-R75, E0 na kwamfuta, 05 na nufin sauya tasha, FD rufewa. Biyar ɗin tsakiya su ne tashar, amma daga baya ake jero su. Kilohaz 15400 a lambobi goma shi ne 00 15 40 00 00, sai a juya jerin ya zama 00 00 40 15 00. Wanda ya manta bai juya ba, ya aika rediyo wata mita daban, ba wadda yake nufi ba. In rediyo ya karɓa zai amsa da FB, in ya ƙi da FA. Kuma da yake waya ɗaya ce, kwamfuta za ta fara jin saƙon kanta kafin amsar ta zo. Mai rubuta manhaja ya zubar da na farkon, in ba haka ba zai ɗauka rediyo ne ya yi magana.

Ba dole ba ne a haddace duk wannan. Akwai manhaja ta kyauta, Hamlib, da ta san yaren rediyoyi masu yawa. A rubuta rigctl -l a nemo lambar rediyon, sannan rigctl -m da lambar, -r COM4 -s 9600 F 15400000. Na nuna muku na cikin ne don ranar da abu ya ƙi, ku san inda za ku leƙa.

A nan wani dattijo mai gyara ya ce: "Malam, to in an haɗa, umarni na tafiya, amma tasha ta cika da ƙara fa?"

Yauwa Baba, Allah ya ƙara girma, ka kawo mu inda aikin yake. A ƙauye muna da abin da mutanen birni ba su da shi, wato sararin da babu hayaniyar lantarki, shi ya sa tasha mai rauni ke shigowa tas. Ranar da ka ajiye kwamfuta kusa da rediyo, kai da kanka ka kawo hayaniyar. Cajar kwamfuta, inbata, na'urar cajin sola, ƙwan LED mai araha, duk suna kunna wuta su kashe sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan ƙarar na bin wayar siriyal ta shiga rediyo. A nemo mai laifin ɗaya bayan ɗaya. A kai rediyo wurin da ba tasha a zangon mita 25, a zare caja a saurara, a kashe inbata a saurara, a zare wayar USB a saurara. Wanda ƙara ta faɗi da aka cire shi, shi ne.

Maganin farko, a bar kwamfuta kan batirinta lokacin saurare. Rediyo irin IC-R75 kuma bolt 13.8 yake ci, wajen amfiya 1, don haka batirin sola na bolt 12 zai ɗauke shi kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba. A sa fiyus, a kuma tabbatar da ja da baƙi kafin a soka. Na biyu, zoben ferait, wannan kumburin da kuke gani a jikin tsohuwar wayar allon kwamfuta. A sami mai faɗin rami a naɗa wayar sau huɗu ko biyar a cikinsa, ɗaya kusa da kwamfuta ɗaya kusa da rediyo. Na uku, tazara. USB ba ya wuce mita 5, amma RS-232 na kai mita 15, saboda haka ɓangaren siriyal ake tsawaitawa. Eriya kuma a kai ta nesa da ɗakin, waya mai mita 15 zuwa 20 daga bishiya zuwa sanda, a shigo da ita ta wayar kowaks irin ta dish.

Sai yanayinmu. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura na tara caji a doguwar eriya, har ka ji tas-tas ko ta ɗan ja ka. Wannan cajin na iya bi ta rediyo ya kashe allon USB. A sa razista mai kilo-om 100 daga eriya zuwa ƙasa ya riƙa zubar da shi. Sandar ƙasan kuma kada a kafa ta a busasshen yashi, ba ta aikin komai a nan. A kafa ta inda ruwa ke zuba kullum, kamar bakin makwarara ko gindin randa. Da damina, hadari na haɗowa a zare eriya a jefa ta waje, a zare wayar siriyal ma, domin razista ba ya tare tsawa.

Saura lokaci. Jadawalin tashoshin duniya da agogon UTC, wato GMT, ake rubuta shi, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Shirin da aka rubuta 0530, ƙarfe 6:30 na safe ne a nan. A duba agogon kwamfuta a ga yana daidai, musamman tsohuwa wadda ƙaramin batirinta na ciki, CR2032, ya mutu, domin irinta duk lokacin da aka kashe sai ta manta kwanan wata. Yanzu masu mitar awo su matso, mutum biyar-biyar, mu fara da auna haƙori na 3.