Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya a Maraɗi

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin ma'aikatan jinya da iyayen yara na wannan asibiti, muna yi maka barka da zuwa Katsinan Maraɗi. Ƙwazonka ba ya buƙatar shaida, don haka za mu fara da abin da ya hana mu barci: muna roƙon ɗakin gwaji mai rainon ƙwayar cuta daga jinin majinyaci, wanda zai faɗa wa likita maganin da zai kashe ta.

Nan Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar Katsinawa, kuma da ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon gari a 1945, kakanninmu suka hau tudu suka sake gini. Gyaɗarmu da fataucin alhazanmu sun daɗe suna riƙe da tattalin arzikin Nijar, amma idan aka zo rabon kayan aiki, sai a tuna cewa tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 600.

Ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Wani bincike da aka yi a Maraɗi aka wallafa a 2011 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na yara masu tamowa suna zuwa asibiti ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi a hanjinsu. Mu kuwa da ido muke gani. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, yara biyu ke kwana a gado ɗaya, ma'aikaciya ta bar wannan ta taɓa wancan alhali famfo ba ruwa. A yi wa jariri allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayar cuta, kwana uku jikinsa bai huce ba, likita ya koma canza magani bisa ƙiyasi, uba kuma ya sayar da akuyarsa. A tasha ana tallar amoksisilin, shi ma maganin kashe ƙwayar cuta, a faranti, mutum ya haɗiyi biyu ya daina, ƙwayar da ta tsira ta ƙara taurin kai.

Muna buƙatar ruwa da sabulu da safar hannu, muna kuma buƙatar a tsawata wa masu tallar magani. Sai dai, ranka ya daɗe, ɗakin gwajin nan ne kan gaba, da ma'aikacinsa da kayan aikin da ba za su yanke ba, kuma muna roƙon a sa shi cikin kasafin kuɗin baɗi.