Lissafin da na yi wa Baba a fadar Zango

Assalamu alaikum jama'a, daga Damagaram nake gaishe ku. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, tun la'asar babu wuta, ko kuran kamar yadda mutanen nan ke kiranta. Shekara uku ke nan da na baro Kano ina sayar da faifan sola kusa da kasuwar Dole.

Jiya da dare a fada, wato majalisar hira da shan shayi, ana zuba shayi na biyu, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a haƙar yuraniyom (ma'adinin da tashoshin nukiliya ke samar da wutar lantarki da shi) a garin Arlit na arewacin Nijar ya dafa gwiwata ya ce, "Yaro, kai da ke duba waya, har yanzu Faransa na ƙona abin da muka haƙa?" Na ce, "Baba, bari in duba maka da kyau." Shi ne na kwana ina kwatanta ƙasa da ƙasa, shekara da shekara.

Ku ɗauki yunit ɗin da muke saya a mita. A 2022 tashoshin nukiliyar Faransa yunit biliyan 279 suka bayar, mafi ƙanƙanta cikin sama da shekara talatin. Tsatsa ce ta fasa wasu bututu, aka tsayar da kusan rabin injinan don gyara, har ƙasar da ta saba sayar da wuta ta koma saya. A 2023 suka hau 320, a 2024 suka wuce 360. Shekara biyu kawai! Wallahi wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don bututu aka gyara wuta ta dawo.

Jamus kuwa da kanta ta zaɓi sauka. Bayan haɗarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011 ta rufe injinan nukiliyarta takwas nan take, ukun ƙarshe kuma ranar 15 ga Afrilun 2023. Japan da ke da injina 54 ta wayi gari a 2014 ba ko yunit ɗaya daga nukiliya, sai a 2015 ta sake kunna tashar Sendai. Amurka ce kan gaba, amma lissafinta kusan wuri ɗaya yake tsaye. Sin ce ke hawa kowace shekara, tun 2020 ta sha gaban Faransa.

Na fi jin Daular Larabawa. Kafin 2020 ba ta da komai, yau tashar Barakah na ba ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarta.

Da safe na je na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, yana juya kofin shayi a hannu, sannan ya ce, "To Nijar fa?" Na ce, "Baba, tun 1971 ake haƙa a Arlit, amma duk Afirka tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki. Masar na gina tata tun 2022." Ya yi shiru. Ya tuna mini watannin 2023 da Najeriya ta yanke layin wuta, lokacin da ƙanƙara ta yi tsada a garin nan, maganin da ake ajiye wa jikarsa a firij ya lalace.

Ya ce in rubuta masa lambobin a takarda da manyan baƙaƙe, zai kai wa abokin aikinsa na da a Birni. Ga takardar nan a hannuna, yanzu zan miƙa masa.