Daga Waya Zuwa Bango: Yadda Ɗaliban Hoto Ke Haɗa Baje Koli

[Ɗaki ba kowa, farin bango, hotuna jingine a ƙasa]

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau maganar baje kolin hotuna za mu yi, irin wanda ɗalibai ke haɗuwa su yi a ƙarshen karatu, kowa ya kawo abin da ya ɗauko, a rataye a ɗaki ɗaya. Da lissafi za mu fara, don shi ke fara ɓata wa ɗalibi rai.

A ce ɗakin da aka ba ku, in an cire ƙofa da tagogi, bangon da ya rage mita 24 ne. Hoto mai girman A3, wato ninki biyu na takardar fotokofi da aka saba, in ya shiga firam zai ci kamar rabin mita, sai a bar tazarar santimita 30 tsakaninsa da maƙwabcinsa. Wato kowane hoto yana neman santimita 80. Bangon nan hoto 30 zai ɗauka. Ku goma ne a aji? To kowa uku ke nan. Yaron da ya shekara yana yawo da kyamara a wuya, memorinsa maƙare da dubban hotuna, uku kacal za a ce ya fitar.

Kada wani ya ce an zalunce shi. A 1955 aka buɗe wani baje koli a gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York a Amurka, mai suna The Family of Man. Edward Steichen, wanda ya shirya baje kolin, da mataimakansa sun duba hotuna kimanin miliyan 2, suka tsaya a kan 503, aikin mutum 273 daga ƙasashe 68. Har yau hotunan suna rataye a fadar Clervaux da ke ƙasar Luksamburg. Ku lura, ba hotuna 503 mafi kyau a duniya suka tara ba. Waɗanda za su iya zama tare su ba da labari ɗaya suka zaɓa.

Makarantun da suka san abin da suke yi ba sa sallamar ɗalibi da hotunansa a cikin kwamfuta kawai. Akwai Market Photo Workshop a Johannesburg, wadda mai ɗaukar hoto David Goldblatt ya kafa a 1989, tun mulkin wariyar launin fata bai faɗi ba, don buɗe wa matasan da aka toshe wa hanya ƙofar koyon wannan sana'a. Makarantar tana da nata ɗakin baje koli, aikin ɗalibai kuma yakan ƙare a bangonsa. Daga can fitacciyar mai ɗaukar hoto Zanele Muholi ta fito, haka ma Jodi Bieber, wadda hotonta na wata matashiya 'yar Afghanistan ya ci babbar kyautar World Press Photo ta 2010.

[Tebur, ƙananan hotuna barbaje a kai, hannaye suna motsa su]

To ya ake tankaɗe da rairayar? Abu na farko, a sauko daga waya. Kowa ya wanko hotunansa ashirin ko talatin a ƙaramin girma, irin na albam, santimita 10 da 15, mai araha. A baza su a tebur, in teburin ya yi kaɗan a shimfiɗa tabarma. A fuskar waya hoto ɗaya kake gani, ka ture shi da yatsa ka ga na gaba, ka manta na baya. A tebur kuwa duk suna kallonka lokaci guda, mai rauni ba shi da wurin ɓuya.

Nan abin dariya ke fitowa. A ce ajin a Kano yake. Wallahi sai ka tarar mutum biyar sun zo da hoton Hawan Daushe, doki ya ɗaga ƙafafu, ƙura ta tashi, rawani yana kaɗawa. Uku sun zo da marinar Ƙofar Mata, hannun marini ya rine da shuni. Ɗaya bayan ɗaya duk suna da kyau. Jera su a bango ɗaya, mai kallo zai tsaya a na farko, ya wuce sauran yana duba agogo. Dole wasu su haƙura da dokinsu. Sau da yawa kuma hoton da ya cancanci bango shi ne wanda mai shi ya kusa gogewa: yaron da ke riƙe da linzami a bayan fage yana hamma, ko mai sayar da ruwan leda da ta juya wa hawan baya tana ƙirga canji.

Shi ya sa ake tsayar da jigo tun kafin a fita ɗauka. Kada jigon ya yi faɗi kamar “rayuwa” ko “al'adunmu”, don komai zai shige ciki. A ce “ruwa”, ko “bayan sallar isha'i”, ko “masu jira”. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara aikinta na hotuna mai suna Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango. Ita sai ta tsaya kan 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar biki. Shawarar abin da ba za ta ɗauka ba ita ta ba aikin nata fuska.

A zaman tebur akwai ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace amfani: mai hoto ya yi shiru. Sauran su faɗi abin da suka gani tukuna. Domin da ka buɗe baki za ka fara, “Malam, wannan fa sai da na tashi da asuba, na hau katanga, kare ya biyo ni.” Malamin kirki zai ce maka, “Sannu da ƙoƙari, amma karen bai fito a hoton ba.” Wahalar da ka sha kai ka sani. Ranar buɗewa ba za ka tsaya gaban kowane baƙo kana ba shi labarin katanga ba.

Wani abu kuma, a naɗa mutum ɗaya mai yanke hukunci, malami ne ko ɗalibin da aka yarda da idonsa. In aka ce sai an kaɗa ƙuri'a kan kowane hoto, abota za ta shigo, a ƙare da bangon da bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma burge kowa ba.

[Fuskar kwamfuta, ana zuƙo hoto har ya farfashe]

An gama zaɓe, saura tura hotuna wurin mai haɗawa, wato wanda zai tattara su ya kai wanki. A nan aiki ya fi lalacewa, kuma ba a ganewa sai an wanko. Takardar A3 faɗinta santimita 29.7, tsawonta 42. In ana son hoto ya fito tas, ɗigo 300 a kowane inci, ana bukatar fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton, 3508 a faɗi da 4961 a tsawo, sama da fiksel miliyan 17 ke nan. Wayar da ke ɗaukar megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, ma za ta yi, don za ta ba da wajen ɗigo 240 a inci, ido ba zai kama bambancin ba daga taku biyu. Amma ka tura hoton nan ta WhatsApp yadda aka saba, sai manhajar ta matse shi, dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600. A ma'aunin 300 ɗin nan, abin da zai ba ka bai kai santimita 14 ba. Ka ja shi ya cika A3, sai fuskar mutum ta yi dishi-dishi, gefen rawani ya zama tsani-tsani. Mafita ba wuya: a tura shi a matsayin fayil, ko ta Google Drive, ko a kai a filas hannu da hannu. Kowa kuma ya sa wa fayil sunansa da lamba. Mai haɗawa ba zai iya da hotuna talatin masu suna IMG da dogayen lambobi ba.

Sai maganar haske. Fuskar waya da ta kwamfuta fitila ce, daga bayan hoton hasken ke fitowa. Takarda ba ta da nata, na ɗakin take aro. Don haka kusan kullum hoton da aka wanko yakan fi duhu a kan yadda ka san shi. Mu da yawancin waɗanda muke ɗauka baƙaƙen fata ne, abin ya fi shafarmu: fuskar da ke da annuri a waya sai ta fito a takarda ba a ganin komai sai ido da haƙori, balle in mutumin farar babbar riga ya sa a tsakar rana. Rage hasken kwamfutar lokacin gyara, ka ɗan ƙara haske a wuraren da suka yi duhu a hoton. Kafin a biya kuɗin talatin, a ce wa mai wankin ya fitar da ɗan yanki na gwaji, wurin fuska, a kai shi ɗakin da za a rataye a duba a ƙarƙashin fitilun wurin. Duk ajin kuma su wanke a wuri ɗaya, a takarda iri ɗaya. In ba haka ba farin wani zai ja ruwan ɗorawa, na wani ya ja shuɗi.

Takarda mai sheƙi tana fito da kala, amma in ta haɗu da gilashi da ƙwan fitila, baƙo kansa zai riƙa gani. Marar sheƙi ta fi kwanciyar hankali. Firam kuwa shi ke cinye karo-karon da aka yi. In aljihu bai kai ba, a manna hoton a kwali mai kauri, ko a rataye da 'yan maƙalai a jikin waya, ba abin kunya ba ne. Lokacin hunturu a tanadi ƙyalle mai laushi, don hazo zai sauka kan gilashi kowace safiya. Da damina kuma a nisanci bangon da ke tsotsar laima, takarda na lanƙwashewa.

[Ɗalibai biyu suna jan zare a jikin bango]

Ranar ratayewa, kada a taɓa guduma tukuna. A jingine hotunan a ƙasa, kowanne a gindin inda ake tunanin zai hau, a yi ta sauya musu wuri kamar masu jeren ɗakin amarya. Wanda ke kallon dama kada a sa shi a ƙarshen bango yana kallon kusurwa. Mai jan kala sosai yana danne maƙwabcinsa, a ba shi fili. Hoton da ya fi ƙarfi ya fuskanci ƙofa. Ni dai ban cika son a ware wa kowane ɗalibi yankinsa ba, gara a gauraya bisa abin da hotunan ke faɗa wa juna, ko da wani zai yi ƙorafin an raba masa 'ya'ya.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai a kawo tef ɗin awo. Tsakiyar kowane hoto ta zauna a santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai matsakaicin tsayi. A ja zare a wannan tsayin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Firam mai tsayin 60, rabinsa 30, a tara da 145, samansa zai kai 175. In igiyar bayansa, bayan an ja ta sama, ta tsaya santimita 8 ƙasa da bakin firam, ƙusa a 167 za ta shiga. A yi lissafin nan da fensir kafin a huda bangon mutane.

Sai 'yar takardar da ke gefen hoto: sunan mai ɗauka, sunan hoton, wuri, shekara. Ana raina ta, a bar ta sai daren ƙarshe. A 1991 an nuna wasu hotuna daga Bamako a wani baje koli a New York, aka rubuta a gefensu cewa ba a san mai ɗaukar ba. Sai da wani Bafaranshe mai shirya baje koli, André Magnin, ya taka har Mali da kwafinsu a hannu, mai ɗaukar hoto Malick Sidibé ya duba ya ce ai aikin Seydou Keïta ne, ga shi can da ransa a cikin gari. Shi Keïta ɗin nan tun 1948 ya buɗe shagonsa na ɗaukar hoto. Bayan haka ne aka wanke hotunansa manya-manya, waɗanda a da ƙanana yake miƙa wa masu su, santimita 13 da 18, duniya ta san sunansa. Tun 1994 kuma Bamako ke karɓar babban taron masu hoto na Afirka. Don haka a duba rubutun sunan kowa sau biyu, a rubuta da Hausa da Turanci in baƙin za su gauraya.

Wanda ke cikin hoton fa? Yarda a ɗauke ka daban, yarda a rataye ka jama'a su yi ta kallo daban. Koma wurin marinin nan da ƙaramin kwafi a hannu. “Baba, sannu da aiki. Hoton nan da na ɗauke ka, makaranta za ta kafa shi a bango mutane su gani, har a intanet. Ka amince?” In ya ce a'a, magana ta ƙare, ka ɗauko na huɗu a jerinka. Matar aure, ƙaramin yaro, marar lafiya a gadon asibiti, waɗannan sai an bi ta hannun waɗanda ya kamata. Almajiri riƙe da roba kuma, don Allah a tambayi kai me hoton ya ƙara a kan dubun da aka riga aka gani.

Wajen talla a Instagram da Facebook, a saki biyu ko uku, a ɓoye sauran. Wanda ya gama ganin komai a waya ba zai biya kuɗin Keke Napep ya zo ba. In wani ya nemi saye, a rubuta lamba a bayan hoton da fensir, misali 1/10, ma'ana kwafi goma kawai za a wanke a wannan girman, a kuma cika alkawarin. Takardar ya saya, haƙƙin hoton yana nan wurin mai ɗauka.

Kafin a buɗe ƙofa, mutum ɗaya ya zagaya ya ɗauki kowane bango ba kowa a gabansa, a tsaye, da haske mai kyau. Waɗannan hotunan za ku nuna gobe in kuna neman tallafi ko gurbi a LagosPhoto, bikin baje kolin hotuna da ake yi a Legas tun 2010. A kuma rubuta tun yanzu su wa za su zo ranar saukewa, su cire ƙusoshi, su toshe ramuka, su shafa fenti. Ranar buɗewa kowa zai zo da sabon ɗinki. Ranar saukewa wayoyi kan mutu, ga mai ɗakin yana tsaye yana jiran makullinsa.