Dankali kaɗai ya ruɓe, to me ya kashe mutum miliyan ɗaya a Ayilan?

[Hoto: gumakan tagulla na ramammun mutane a bakin kogin Liffey, Dublin]

Tun da shirye-shiryen tarihin Ayilan suka fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wai don dankali ya lalace sai mutum miliyan guda su mutu a babbar yunwar da ta faɗa wa wannan tsibiri na yamma da Ingila daga 1845? Wani ma cewa ya yi, ga teku ya kewaye su, su ci kifi mana. Malam, bi a hankali.

[Hoto: ganyen dankali da baƙaƙen tabo]

A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, irin wadda manoman Filato suka sani sarai. Ganye ya yi baƙi, ka tono gindi ka tarar da ruɓa mai wari. A 1846 ta kusa cinye gonakin duka. Tsibirin na da mutum sama da miliyan 8, kusan miliyan 3 dankali ne karin kumallonsu, shi ne kuma tuwon darensu. Ƙato ɗaya kan ci kusan kilo 6 a yini. E, kilo 6, ba kunnenku ba ne.

[Hoto: taswirar tashoshin jiragen ruwa na Cork da Limerick a Ayilan]

To ga inda ake ɓata. Alkama ba ta kamu ba, shanu da aladu ma lafiyarsu lau. Sai dai ƙasar ba ta manomi ba ce. Tun 1801 daga Landan ake mulkin Ayilan, gonaki kuwa na manyan masu ƙasa ne, wasunsu suna zaune a Ingila, ba su ma san ƙauyukan ba. Manomi ɗan haya ne. Hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata na biyan haya ne, dankalin bayan ɗaki shi ne na bakinsa. Ya ci hatsin, a rushe ɗakinsa a kore shi. Ya biya haya, ya kwana da yunwa. Haka jiragen ruwa suka yi ta fita da hatsi da man shanu zuwa Ingila, wani lokaci sojoji na gadin kayan.

Amma kada a yi zuƙu. Daga 1847 abincin da ke shigowa ya fi mai fita yawa, akasari masara daga Amurka. Yana nan jibge a kasuwa, talaka ne ba shi da ko sisi. Mai batun kifi, ga amsarka: masunta da dama sun jinginar da komarsu don su sayi na yau.

[Hoto: zanen mayunwata a garin Skibbereen na Ayilan, 1847]

Ku yi haƙuri da zane, ba a san wani hoton kyamara na wannan yunwa ba. Shi ya sa kowane shiri ke maimaita zane-zanen jarida guda, har kun haddace fuskokin.

Gwamnati fa? Charles Trevelyan, jami'in gwamnatin Birtaniya mai riƙe da harkar agajin, ya fi tsoron a taɓa kasuwa. Aka ɗora wa mayunwata fasa dutse da gina hanya kafin a ba su lada. A tsakiyar 1847 aka buɗe wuraren dafa abinci, mutum miliyan 3 suna ci kullum, kafin shekara ta ƙare aka rufe. Ashe ana iyawa. Sai kuma doka: duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka, ba agaji sai ya saki gonar. Masana na gardama ko wannan kisan ƙare dangi ne. Ni dai a ganina, wanda ya ciyar da miliyan 3 sannan ya sauke tukunya ba zai fake da cutar dankali ba.

[Hoto: jiragen ruwa, tsibirin Grosse Île na Kanada, inda aka killace 'yan hijira]

Sauran a gurguje. Zazzaɓi da atini sun fi yunwar kanta kisa. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta Amurka ma ta yi karo-karo. Fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira, dubbai suka mutu a hanya. Yammacin Ayilan, inda aka fi jin harshensu na gado, wato Irish, can abin ya fi muni, kuma harshen ne za mu ɗauko a shiri na gaba.