Kuɗin mota kafin kuɗin magani

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba maganar likita ko tsadar magani za mu yi ba, maganar yadda mara lafiya zai isa ƙofar asibiti ce.

Mu ɗauki mai ciwon ƙoda a Kano, wanda ake wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati a asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A ce a Kurna yake ko Rijiyar Lemo. Mutumin da ƙyar yake tsayuwa ba zai iya sauka nan ya hau can ba, to dole a ɗauki ɗan sahu shata, zuwa da dawowa, ga ɗan rakiya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ai kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Shi ya sa za ka ga mai juna biyu ta tsallake ranar awo, mai shanyewar ɓarin jiki ya daina zuwa gashi, ba don sun warke ba wallahi, kuɗin hanya ne ya gagara.

Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu ce ke ɗauke da garin nan, ita kuwa inda fasinja ya fi yawa take bi, ba ruwanta da lokacin ganin likita.

To me ake buƙata? Bas mai layinta na dindindin da zai haɗa asibitin Murtala, na Nasarawa, na ƙashi na Dala da na Malam. Ta tsaya a bakin get, ba can nesa ba da sai mai sanda ya tsallaka titi. Ta fara fita bayan sallar asuba, don wanda bai kama layin kati da sassafe ba ranar ta wuce shi. Matakalarta ta zama ƙasa-ƙasa saboda tsofaffi da masu keken guragu, wannan fa ana yawan mantawa da shi.

A ƙauye kuma matsalar dare ce. Jigawa ta gwada wani abu a shirin Haihuwa Lafiya, aka haɗa kai da direbobin NURTW, wato ƙungiyar direbobin motocin haya ta ƙasa, in naƙuda ta zo da matsala a kira direban da ke kusa ya kai mace asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, ba sai an tsaya neman mota gida-gida ba.